Injin Iska ko Robar Baki: Wanne Ya Dace da Mai Amosanin Gaɓɓai da Numfashi Ke Ɗauke Masa a Barci?

Da hunturun bara waccan na yi kwana uku a ɗakin yayata a Tudun Wada, lokacin bikin 'yarta ta biyu. Daren farko gajiyar biki ta kwashe ni, ban san inda kaina yake ba. A dare na biyu ne na ji abin da ya hana ni runtsawa. Yaya tana minshari, kuma wannan kowa a gidan ya saba da shi. Can sai minsharin ya yanke ɗif. Na haska fitilar waya, na ga ƙirjinta yana ɗagawa yana komawa kamar mai kokawa da wani abu, amma iska ba ta shiga. Na ƙirga a zuci har 22, sannan ta zabura ta ja numfashi da ƙara kamar wadda aka tsamo daga ruwa, ta gyara kwanciya, minsharin ya ɗora daga inda ya tsaya. Haka aka yi ta yi har aka kira assalatu.

Da safe muna shan koko na ce, "Yaya, kin san numfashinki yana tsayawa in kina barci?"

Ta ce, "Haba Auta, ni da ko barcin kirki ba na samu? Ai ciwon gaɓɓan nan ne ke tashina."

Shekararta 11 ke nan da amosanin gaɓɓai, irin wanda likitoci ke kira rumatoyid. Wannan daban yake da ciwon gwiwar tsufa. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa gaɓɓan mai ita, ta fi kama yatsu da wuyan hannu, dama da hagu a tare, mutum ya tashi da safe hannuwa a sandare har sai rana ta ɗaga. Mata sun ninka maza kusan sau 3 a kamuwa da shi. Duk abin da ya samu Yaya a waɗannan shekaru, kan wannan ciwo muke ɗora shi: kasala, ciwon kai da sassafe, gyangyaɗi a Islamiyya, tashin fitsari sau uku a dare, hawan jinin da ya ƙi jin magani. Ashe ciwo biyu take ɗauke da su, ɗaya ya ɓuya a bayan ɗaya.

Bayan gwaje-gwaje aka ajiye mana zaɓi a gaba: na'urar CPAP mai hura iska ta hanci, ko wata roba da likitan haƙori ke ƙerawa a sa a baki da dare. Mun yi makonni muna juya maganar. Abin da na fahimta a lokacin shi nake so in baje wa duk iyalin da suka tsinci kansu a inda muka tsaya.

Yadda ciwon gaɓɓai ke kaiwa ga maƙogwaro

In mutum ya yi barci, naman maƙogwaro da harshe suna saki. A wasu mutane sakin yakan kai ga hanyar iska ta rufe. Idan rufewar ta kai daƙiƙa 10 ko fiye, likitoci suna ƙirga ta a matsayin ɗaukewa ɗaya. Iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashi mutum na ɗan ƙiftawar ido, ya ja numfashi ya koma, da safe bai san an yi ba. Galibi masu ƙiba da kaurin wuya aka sani da wannan. Yaya kuwa ba ta da wani jiki na a zo a gani, shi ya sa tunanin kowa bai kai wurin ba.

Sa yatsa a gaban kunnenka ka buɗe baki. Abin da ka ji yana motsi gaɓa ce, mahaɗar muƙamuƙi, kuma amosanin rumatoyid yana cin ta kamar yadda yake cin ta yatsa. In kan ƙashin ya zaizaye, muƙamuƙin ƙasa yakan ja baya. Harshe kuwa a jikin muƙamuƙin yake kafe, don haka shi ma ya bi shi baya, ya matse hanyar iska. Da muka ɗauko hotunan bikin Yaya na da muka jera da fuskarta ta yanzu, kowa ya ga haɓarta ta shige ciki. Ta daɗe da barin kilishi da goriba, muna cewa haƙori ne. Haƙoranta na gaba ma sun daina haɗuwa in ta rufe baki.

Sai wuya. Ƙashi na farko da na biyu da ke ɗauke da kai jijiyoyi ne ke riƙe da su, ciwon kuma yana sassauta su. Ƙasusuwan na iya gocewa, kai ya ɗan zauna ƙasa, wuya ya gajarce, sararin maƙogwaro ya ragu. In abin ya yi nisa har ya danne laka ko gindin ƙwaƙwalwa inda ake sarrafa numfashi, sai a samu wani nau'in ɗaukewar daban: hanya a buɗe take, amma umarnin jan numfashin ne bai zo ba. Wanda ke jin ciwo a ƙeya, ko mutuwar hannuwa, ko wani abu kamar jan lantarki yana bin bayansa in ya sunkuyar da kai, ya gaya wa likitansa ba tare da jinkiri ba. Hatta maƙoshin murya yana da 'yan ƙananan gaɓɓai da ciwon ke taɓawa, shi ya sa wasu muryarsu ke dishewa.

Ga kuma magunguna. Prednisolone yana kwantar da kumburi, amma in aka daɗe a kansa yana tara kitse a fuska da wuya da ciki. Mu nan kowa ya san yadda ake sayensa a kemis ba takarda, ko a haɗa shi cikin ƙwayoyin ciwon jiki a ƙulle a leda. Tramadol da codeine da diazepam, waɗanda mai ciwo ke nema don ya samu ya runtsa, suna ƙara sakar da maƙogwaro, suna kuma dakushe farkawar nan da ke ceton mutum in numfashi ya tsaya.

Na tsaya a kan wannan ne saboda a nan zaɓin yake. Ga mai lafiyayyun gaɓɓai, tambayar ita ce wanne ya fi masa daɗin amfani. Ga mai rumatoyid, muƙamuƙinsa da wuyansa da yatsunsa ne za su fara ba da amsa.

Kafin a taɓa aljihu

Akwai tambayoyi 8 da wata likita, Frances Chung, da abokan aikinta suka tsara a Toronto ta Kanada a 2008, ana kiransu STOP-BANG: minshari mai ƙarfi, gajiya da rana, wani ya ga numfashi ya tsaya, hawan jini, ƙiba mai yawa, shekaru sama da 50, kaurin wuya sama da santimita 40, da kasancewa namiji. Wanda ya amsa e a 3 ko fiye ya cancanci bincike. Sai dai ku duba, mace maras ƙiba mai siririn wuya ta riga ta tsallake uku daga ciki, ga shi kuma mata ne rumatoyid ya fi kamawa. Don haka ƙarancin maki ba hujja ba ce ta kwantar da hankali in wani ya ga abin da na gani da idona.

Gwajin barci shi ke tabbatarwa. Ana ƙirga sau nawa numfashi ke tsayawa ko raguwa a kowace awa. Daga 5 zuwa 14 mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Akwai ƙaramar na'ura da ake ɗaura wa mutum ya kwana da ita a gida, akwai kuma cikakken gwaji da ake kwana a asibiti da wayoyi a kai da ƙirji. In ana zargin wuya ya taɓu, cikakken ya fi, domin shi ke rarrabe toshewar hanya da rashin zuwan umarni daga ƙwaƙwalwa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Mu sai da muka yi tattaki kafin muka samu aka yi mata. Wanda ke ganin likitan gaɓɓai a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko wani asibitin, ya tayar da maganar da bakinsa, ya tambayi inda za a tura shi. Abin da ya fi taimaka mana shi ne bidiyon minti biyar da na ɗauka da waya tana barci. Gani ya kori ji. Likita yana kallo ya ajiye biro ya ce, "Hajiya, yaushe rabonki da ki tashi da safe ki ji kin huta?" Ta yi shiru, ta kasa tunawa.

A nemi hoton wuya, wanda ake ɗauka kai a sunkuye da kuma a ɗage, a kuma sa likitan haƙori ya duba mahaɗar muƙamuƙi. Ko a gida ana iya ɗan gwadawa: lafiyayyen baki yana karɓar yatsu uku a jere a tsaye tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Na Yaya biyu ne suka shiga, da ƙyar.

Na'urar CPAP

Wani likita ɗan Ostareliya, Colin Sullivan, shi ya fito da ita a birnin Sidni a 1981. Aikinta ba wuyar fahimta: tana zuƙo iskar ɗaki, ta tace, ta turo ta cikin tiyo zuwa takunkumin da ke hanci, ƙarfin iskar ya riƙe maƙogwaro a buɗe kamar yadda iska ke riƙe tayar keke. Ana saita ƙarfin tsakanin 4 da 20 a ma'auninsu, akwai kuma masu daidaita kansu gwargwadon buƙatar mai barci. Ba oksijin ba ce. Na faɗi haka ne don ranar da wata maƙwabciya ta leƙo ta ga Yaya da tiyo a hanci, kafin la'asar labari ya zaga cewa jiki ya yi tsanani, har 'yan dubiya suka fara sallama.

Babbar falalarta ga mai rumatoyid ita ce ba ta neman komai daga muƙamuƙi. Ko haɓa ta shige, ko haƙora sun zube, iska za ta buɗe hanyar. Kuma babu abin da ya kai ta rage yawan ɗaukewar numfashi, musamman ga mai tsanani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda rumatoyid shi kansa yana ƙara haɗarin ciwon zuciya, ɗaukewar numfashi kuma tana ingiza hawan jini da rikicewar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Wahalarta kuwa a hannu ta fara bayyana. Daren farko na tsaya ina kallon Yaya tana ƙoƙarin maƙala ƙugiyar takunkumi a gefen kumatu. Yatsunta sun karkace waje, babban yatsa ba ya iya matsawa, kafaɗa ba ta barin hannu ya kai ƙeya. Ta yi sau huɗu abin yana suɓucewa, sai ta ajiye a cinya, idanunta suka ciko. Ta ce, "Auta, yanzu ko barci ma sai an taimaka mini?" Ba na mance wannan daren. Laifin takunkumin ne, babba ne mai rufe hanci da baki, mai maɗaurai huɗu, ga shi yana danna haɓa baya, daidai inda ba a so. Da aka canza zuwa ƙarami mai zama a ƙofar hanci, wanda ake zura shi ta kai kamar hula, abin ya zo da sauƙi. Akwai masu maganaɗisu a madadin ƙugiya, suna da daɗi ga mai raunin yatsu, amma ba su dace da wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya ba, ko wanda ke kwana kusa da mai ita. Duk wanda zai saya, ya sa mai ciwon ya ɗaura ya cire da hannunsa a gaban mai sayarwa. Ku tuna kuma ba sau ɗaya ake ɗaurawa a dare ba: ga fitsari, ga nafilar dare, ga komawa barci bayan asuba.

Sai bushewa. Da yawan masu rumatoyid suna fama da bushewar ido da baki saboda garkuwar jikin tana taɓa inda hawaye da yawu ke fitowa. Ka ɗora iskar na'ura a kan wannan, ka ɗora hunturun Zariya na Disamba da Janairu da ke fasa leɓe, hanci zai yi ta zafi har ya haɓo. In takunkumi yana yoyon iska ta sama, ido ne zai sha wahala. Maganin shi ne tukunyar ruwan da ke jikin na'urar, mai ɗumama ruwa ta jiƙa iskar. Ruwa tatacce ake so, irin na kemis, kada a ɗebo ruwan batir na bakin gareji.

To a nan maganar wuta ta shigo, kuma ita ce ta fi ɗaukar mana lokaci. Injin hura iskar shi kaɗai ba ya cin wuta sosai, bai kai fankar sama ba. Tukunyar ɗumama ruwan ce mai ci. Wato a lokacin da aka fi buƙatarta, a lokacin take shanye batir. In an ɗauke wuta tsakar dare mutum ba zai shaƙe ba, akwai ƙofofin iska a takunkumin, amma zai farka, sauran daren kuma ya tafi ba magani. Wanda ke da sola da inbata a gida ya huta. Wanda ba shi da su, ya lissafa kuɗin batir tare da kuɗin na'ura tun farko, domin na'ura ba batir a garin nan rabin magani ce. Dabaru biyu sun taimake mu: amfani da wayar da ke haɗa na'urar kai tsaye da batir ba tare da bi ta inbata ba, da kuma zuba ruwa a tukunyar amma a kashe ɗumamawar, iska ta bi ta kan ruwan ta ɗan jiƙe. Janareta kuwa, kada a kusanto da shi tagar ɗaki. Na'urar duk abin da ke cikin iska shi take zuƙowa ta kai huhu. Saboda haka ne ma turaren wuta ya koma falo, maganin sauro na kunnawa ya bar ɗakin, aka koma gidan sauro, tiyo ya bi ta ƙarƙashinsa.

Tsada akwai ta, kuma farashin yana bin dala. Ba a sayen farko abin ya tsaya ba, takunkumi da tiyo da matatar ƙura duk suna tsufa. Wannan ke tura mutane ga ta hannu, 'yar tokumbo. A kula: a watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa, har da samfurin DreamStation na farko, saboda soson rage ƙara da ke ciki yana marmashewa, mai barci ya shaƙa, zafi da laima kuma suna hanzarta lalacewarsa. Wanda ya san zafin Maris da Afrilu a Zariya ya san abin da wannan ke nufi. A duba suna da lambar na'ura kafin a biya, a sayi sabon takunkumi da tiyo, a kai wa wanda ya sani ya saita ƙarfin iskar, domin saitin wani ba naka ba ne. Mai shan maganin rumatoyid na methotrexate ko prednisolone garkuwarsa a raunane take, wankin takunkumi da tukunya da sabulu ba abin wasa ba ne a wurinsa.

Likitoci suna ɗaukar mutum yana amfani da ita yadda ya kamata in ya kai awa 4 a dare, a kashi 70 cikin 100 na darare. Wannan mafi ƙaranci ke nan. Mutane da yawa a duniya suna sayen na'urar su jefa ƙarƙashin gado, kuma makonnin farko ne ke raba gardama.

Robar baki

Ita wannan kamar marfi biyu ne, ɗaya a haƙoran sama, ɗaya a na ƙasa, an haɗa su yadda za su riƙe muƙamuƙin ƙasa ya ɗan turo gaba da 'yan milimitoci. Harshe ya biyo shi, hanya ta buɗe. Ba wuta, ba batir, ba tiyo, ba ƙara. Tana shiga jakar hannu, a je ƙauye da ita, a je Umara da ita, a kwana gidan biki ba wanda ya sani. Ranar da aka kwatanta mana ita, Yaya ta ce, "Ni dai wannan nake so." Ni ma zuciyata can ta karkata, don duk matsalolin da na lissafa a sama babu ko ɗaya a nan.

Kuma ba abin rainawa ba ce. Bincike ya nuna CPAP ta fi ta rage ɗaukewar numfashi, amma mutane sun fi jure kwana da robar har safe, don haka ga mai sauƙi da matsakaici ribar takan zo kusa da juna wajen raguwar gyangyaɗi da hawan jini. Sai dai irin waɗannan bincike galibi ba sa ɗaukar masu ciwon mahaɗar muƙamuƙi tun farko. Sakamakon na masu lafiyayyen muƙamuƙi ne.

Ku yi tunanin gwiwa mai kumburi a ce a ɗaure ta a miƙe awa bakwai kowane dare. Abin da robar ke yi wa mahaɗar muƙamuƙi ke nan. Ko mai lafiya yakan tashi da tsamin muƙamuƙi a makonnin farko, da dalalar yawu, kuma bayan shekaru zaman haƙoransa yana iya sauyawa. Ga gaɓar da ciwo ke ci, wannan na iya zama ƙarin gishiri a miki. In kuma ƙashin ya riga ya zaizaye, muƙamuƙin ma ba zai turo gaba gwargwadon da zai yi amfani ba. Likitan haƙori ya ce wa Yaya ta turo haƙoran ƙasa su wuce na sama. Ta yi iya yinta, ko kusa ba su zo ba, ga zafi yana harbawa cikin kunne. A nan maganar roba ta mutu a wurinmu.

Haƙora ma sai sun cika sharaɗi. Ana son kamar 8 zuwa 10 masu ƙarfi a sama, haka a ƙasa, da lafiyayyen dasashi, saboda su ne za su ɗauki nauyin jan. Ciwon dasashi kuwa ya fi yawa a masu rumatoyid, bushewar baki tana kawo ruɓewar haƙori, riƙe buroshi ko asuwaki da karkatattun yatsu shi ma aiki ne. Cire robar da safe yana buƙatar a sa manyan yatsu a ɓamɓaro ta, a daidai lokacin da hannu ya fi sandarewa.

Waɗanda ake tallatawa a intanet, a jiƙa a ruwan zafi a ciza, ban ba mai rumatoyid shawarar ko gwadawa ba. Araha ba ta ado. Ba a auna su da bakinka ba, ba mai duba gaɓarka, kuma suna iya rage ƙarar minshari alhali numfashin yana ci gaba da tsayawa, iyali su ɗauka an warke. Ta gaskiya likitan haƙori ne ke ɗaukar awon baki ya ƙera, a riƙa turo ta gaba kaɗan-kaɗan, sannan a sake gwajin barci da ita a baki don a tabbatar tana aiki.

Duk da haka akwai mai rumatoyid da ita ce daidai da shi: wanda ciwonsa ya kwanta da magani, hoto ya nuna mahaɗar muƙamuƙinsa lafiya, haƙoransa cike, gwajinsa bai kai 30 ba, ga shi yana zaune inda wuta ba ta da tabbas ko yana yawan tafiya. Irin wannan in ya zaɓi roba bai yi kuskure ba, muddin likitan gaɓɓai da na haƙori sun san da juna, kuma zai ajiye ta duk lokacin da ciwon ya motsa a muƙamuƙi.

Sauran hanyoyi

Rage ƙiba yana taimakon mai ƙiba. Wani dogon bincike a jihar Wiskonsin ta Amurka da aka wallafa a 2000 ya gano cewa raguwar nauyi da kashi 10 cikin 100 tana tafiya da raguwar ɗaukewar numfashi da kusan kashi 26. Amma wanda ƙashin muƙamuƙinsa ne ya ja baya, ko ya rame kamar kara hanyar ba za ta buɗe ba. Kwanciyar gefe ta fi rigingine, kuma mu dama da kwanciya a gefen dama aka tarbiyyantar da mu, sai dai kafaɗa da ƙugu masu ciwo ba sa barin mutum ya daɗe a haka. Filo tsakanin gwiwoyi da wani a rungume yana rage nauyin. In za a ɗaga, a ɗaga kan gadon gaba ɗaya, kada a tara filo a lanƙwasa wuyan da ba shi da ƙwari.

Shawo kan rumatoyid ɗin da magungunansa na asali, irin su methotrexate da ake sha sau ɗaya a mako, shi ke ba likita damar rage prednisolone. Kada a yanke shi kwatsam da ka, yana da haɗari, a hankali ake sauka. Tiyata tana nan, ta maƙogwaro ko ta turo muƙamuƙi ko ta sauya mahaɗar, amma babban aiki ce, kuma duk mai rumatoyid da za a sa wa maganin barci don kowace irin tiyata, a gaya wa likitoci halin wuyansa da na numfashinsa kafin a shiga. Wata gwaggonmu ta kawo shawarar a kira wanzami ya cire beli. Mun ba ta haƙuri. Toshewar tana can bayan harshe, yanke beli ba zai kai gare ta ba, sai dai ya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta ga mai raunin garkuwa.

Inda muka tsaya

A ganina, mai rumatoyid da gwajinsa ya kai 30, ko muƙamuƙinsa yana ciwo ko ya ja baya, ko haƙoransa sun yi ƙaranci, CPAP ce tasa, kuma kuɗin da zai kashe a roba gara ya sa shi a batir. Wanda wuyansa ya goce ko gwaji ya nuna umarnin numfashin ne ke yankewa, nasa ya wuce zaɓi tsakanin waɗannan biyun, sai likitocin ƙashi da na ƙwaƙwalwa sun sa baki, wataƙila ma wata na'urar daban zai buƙata.

'Ya'yan Yaya suka yi karo-karo aka sayi na'ura da batir da faranti ɗaya na sola. Wani tela a Sabon Gari ya ɗinka mata zobban ƙyalle biyu a jikin maɗaurin, tana zura manyan yatsu ta ja shi ta kai ba sai ta matsa komai ba. Makonni uku na farko ta sha cirewa cikin dare ba ta sani ba, sau biyu ta ce a mayar a karɓo kuɗi. Maigidanta ne ya riƙa tashi yana mayar mata. A wata na biyu ciwon kan safe ya tafi, tashin fitsari ya koma sau ɗaya, likita ya rage mata ɗaya daga cikin magungunan hawan jini. Yatsun suna nan yadda suke, sandarewar safe ma tana nan.

Makon jiya na je Tudun Wada na tarar da ita a tsakar gida tana bitar haddarta, ta ce malamarsu ta daina tsayar da karatu don a tashe ta. Ta aike ni ɗaki in duba matatar na'urar. Sati ɗaya kacal da sa sabuwa, ƙurar hunturu ta mayar da ita ja kamar ƙasar gini. Na canza, na ɗauraye tukunyar, na duba batir. Ta ɗaga murya daga waje ta ce, "Auta, ki duba mini katin asibiti a ƙarƙashin filo, ranar nawa ga wata ne hoton wuyan nan?"